Kwaikwayon layin biyan kuɗi a ajin koyon manhaja: bugun agogo, aukuwa ko SimPy?

Duk malamin da ke koyar da rubuta manhaja ga 'yan shekarar farko, da zarar ya iso darasin layi, wato ma'ajin da abin da ya fara shiga shi ke fara fita, sai ya nemi aikin gidan da zai nuna wa ɗalibi amfanin abin. Layin biyan kuɗi a babban kanti ya fi komai kusa da hannu, domin babu ɗalibin da sai an yi masa bayaninsa. Masu sayayya suna zuwa ba bisa tsari ba, kashiya tana sallamarsu ɗaya bayan ɗaya, tambayar kuma ita ce minti nawa mutum ke jira, kanta (teburin biya) nawa ya kamata a buɗe. Wannan duk an yarda da shi. Inda ake rabuwa shi ne yadda lokaci zai riƙa tafiya a cikin manhajar. Ko dai agogo ya riƙa bugawa ɗaya-ɗaya ana duba abin da ya faru a kowane bugu, ko manhajar ta riƙa tsalle daga wata aukuwa zuwa ta gaba, ko kuma a ɗauko laburare, wato manhajar da wasu suka riga suka rubuta, irin SimPy ya riƙe lokacin gaba ɗaya.

Kafin a gwada su sai an sami ma'auni. A ce mai sayayya ɗaya yana zuwa duk minti 5 a matsakaici, wato 12 a awa, kashiya kuma tana ɗaukar minti 4 a matsakaici kan kowane mutum, wato tana iya sallamar 15 a awa. Hannunta zai kasance a cike kashi 80 cikin 100 na lokacin aiki. Wannan matsala tsohuwa ce. A. K. Erlang, ɗan Denmark da ke aiki da kamfanin tarho na Kofanhagan, shi ya buɗe ƙofarta a 1909 da lissafin kiran waya, David Kendall kuma ya kawo gajeren sunan da ake kiran irin wannan layi da shi, M/M/1, a 1953. Idan tazarar zuwan mutane da tsawon sallama duk suna bin irin rabon da `random.expovariate` ke bayarwa a Python, amsar tana nan a rubuce: jira a layi minti 16, jira haɗe da sallama minti 20, mutanen da ke wurin kuma 4 a matsakaici, har da wanda ake sallama. Ɗalibai kan yi mamakin wannan 16 ɗin, tunda kashiyar ta fi masu zuwa sauri. Ka riƙe lambar, da ita za mu auna kowace hanya.

Bugun agogo

Ga kusan dukkan manhajar, idan kowane bugu daƙiƙa ɗaya ne kuma kantin yana buɗe awa 12:

```
for lokaci in range(43200):
    if saura > 0:
        saura -= 1
    if random.random() < 1/300:
        layi.append(lokaci)
    if saura == 0 and layi:
        zuwa = layi.popleft()
        jira.append(lokaci - zuwa)
        saura = tsawon_sallama()
```

Ɗalibin da ya san `for` da `if` zai karanta wannan daga sama zuwa ƙasa ya gane shi a zama ɗaya. Layin nasa ne, shi ya sa mutum a ciki, shi ya cire shi. Idan sakamako ya fito a karkace, sai ya buga tsawon layin a kowane bugu ya bi da ido har ya ga inda abin ya kauce. A wurin mai koyo wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ne babban dalilin da ya sa littattafan farko da yawa suke bin wannan hanya. Matsakaicin tsawon layi ma kyauta yake zuwa: tara tsawon a kowane bugu, raba da yawan bugun. Wanda yake son zana layin yana tsawo yana raguwa a allo, shi ma hanyar ta ba shi hoto ɗaya a kowane bugu.

Inda gizo ke saƙar shi ne girman bugun. Yawancin takardun aikin gida sukan ce a ɗauki minti ɗaya, saboda ya fi daɗin faɗa: a kowane minti yiwuwar zuwan mutum 0.2 ce, yiwuwar kashiya ta gama da wanda ke gabanta kuma 0.25. Matsakaitan ba su canza ba, har yanzu minti 5 ne da minti 4. Amma idan ka bar wannan manhaja ta yi ta gudu, jiran da za ta ba ka minti 12 ne, ba 16 ba. Ɗalibin bai yi kuskure ko ɗaya ba. Abin da ya faru shi ne bugun minti ya hana mutum biyu zuwa cikin minti guda, ya kuma hana a sallami kowa cikin ƙasa da minti, saboda haka ya rage hargitsin da ke haifar da layi tun asali. Kashi ɗaya bisa huɗu na amsar ya zube ta wannan kafa, kuma babu saƙon kuskuren da zai sanar da kowa. Da bugun daƙiƙa, jiran yakan koma wajen daƙiƙa 956, wato minti 16 saura 'yan daƙiƙoƙi. Idan kuma malam ya ce a gwada lokacin cunkoso, mutum biyu a minti, tsarin bugun minti ya rushe ɗungurungum, domin yiwuwa ba ta wuce 1.

Akwai wani tarkon a jerin matakai ukun nan. Ka ɗaga matakin kiran na gaba ka sa shi a saman matakin zuwan sabon mutum, sai ya zama wanda ya iso a wannan bugu ba za a gan shi ba sai bugu na gaba. An ƙara wa kowa bugu ɗaya ke nan. Da bugun minti, 12 ta zama 13. Ɗalibai biyu za su kawo amsa daban, kowanne yana rantsuwa cewa ya bi takarda, kuma duk gaskiya suka faɗa idan takardar ba ta fayyace jerin ba.

Ƙaramin abu a gefe: ɗalibai da yawa sukan yi layin da `list` su riƙa cirewa da `pop(0)`. Zai yi aiki, amma duk cirewa sai an matso da sauran gaba ɗaya. `deque` na `collections` aka yi domin wannan, a Java kuma `ArrayDeque`. Layin mutum goma ba zai nuna bambancin ba, sai dai ai darasin layi ake yi, gara a saba da daidai tun yanzu.

Tsalle daga aukuwa zuwa aukuwa

A awa 12, mutum 144 ne za su zo a matsakaici. Kowanne yana da aukuwa biyu, zuwa da tafiya, jimilla 288. Manhajar bugun daƙiƙa ta zaga sau 43,200 domin ta kama waɗannan 288, kamar mai gadin da ke buɗe ƙofa kowace daƙiƙa ya leƙa ko wani ya zo, alhali da ya zauna ya jira ƙwanƙwasawa. Hanya ta biyu jiran ƙwanƙwasawar take yi. Ana ajiye aukuwowin da ke tafe a layin fifiko, wanda lokacinsa ya fi kusa yana kan gaba. Manhaja ta ciro na gaba, ta mayar da agogo daidai lokacinsa, ta yi abin da ya kamata, ta tsara aukuwar da wannan ta haifar. Zuwan mutum yana tsara zuwan na bayansa. Fara sallama yana tsara lokacin gamawa. A Python `heapq` ne ke riƙe wannan jeri, a Java `PriorityQueue`.

Ribar farko ita ce matsalar girman bugu ta kau baki ɗaya. Lokaci yana iya zama minti 37.482, babu abin da aka datse, kuma idan gudun ya yi tsawo sakamakon zai nufi 16 kai tsaye. Sauri kuwa, kada a ruɗe ka da shi idan rana ɗaya za a kwaikwaya, domin zagaye 43,200 ba komai ba ne a wurin kwamfutar yau. Sai an ce a maimaita ranar sau 1,000 bambancin zai bayyana: zagaye miliyan 43.2 a gefe ɗaya, aukuwa wajen 288,000 a ɗaya gefen, ninki 150.

Kuɗin da ake biya kuwa a kan ɗalibi yake. Tunanin cewa manhaja tana rubuta wa kanta abin da zai faru nan gaba, ta ajiye, sannan ta dawo ta same shi, ba ya zama a kai cikin sauƙi ga wanda bai daɗe da gane `while` ba. Labarin mai sayayya guda ya rarrabu gida biyu ko uku, babu inda za ka karanta shi a jere. Kurakuran ma irin masu ɓuya ne. Wanda ya manta bai tsara zuwan na gaba ba, manhajarsa za ta sallami mutum ɗaya ta rufe lafiya lau ba tare da ƙorafi ba. Wanda ya manta bai duba layi ba bayan kashiya ta gama, mutane za su yi ta taruwa kashiya tana zaune.

Sannan ga abin da ke faruwa idan aukuwa biyu suka faɗo lokaci ɗaya. Ɗalibi yakan sa lokaci da mai sayayya tare cikin `heapq`. Idan lokutan suka yi daidai, Python za ta koma kwatanta masu sayayyar biyu, ba ta san wanda ya fi wani ba, sai ta tsaya da `TypeError`. Da lokutan ƙuri'a masu ɗigo wannan da wuya ya faru, don haka manhajar za ta yi ta aiki har ranar da malam ya gwada ta da lokutan da duk cikakkun mintuna ne. Maganin shi ne a sa lambar jeri mai ƙaruwa tsakanin lokacin da mutumin, kuma gara malam ya faɗi haka tun a takarda, domin ba shi ne abin da ake son a koya ba.

Matsakaicin tsawon layi, wanda ya zo kyauta a hanyar farko, a nan sai an yi masa aiki. Ba za ka tara tsawon a kowace aukuwa ka raba da yawansu ba, tunda layin mutum 7 na iya ɗaukar daƙiƙa 3, layin da babu kowa kuma ya ɗauki minti 10. Dole a ninka kowane tsawo da lokacin da ya ɗauka. Abin gwaji mai kyau a nan shi ne ƙa'idar da John Little ya tabbatar a 1961: yawan mutanen da ke wuri daidai yake da saurin zuwansu sau lokacin da kowa ke ɗauka. Mutum 12 a awa sau sulusin awa, 4. Idan lambobin ɗalibi guda uku ba su yi wannan jituwa ba, akwai ɓaraka a wani wuri, ko da kowace lamba ita kaɗai ta yi kama da gaskiya.

Mutane kan ɗauka cewa da an ƙara wa aikin sarƙaƙiya, hanyar aukuwa ce ke cin riba. Ba kullum ba. Ka ce duk wanda ya jira minti 10 zai ajiye kaya ya fita. A bugun agogo wannan layi biyu ne: duba masu jira, cire wanda ya gaji. A hanyar aukuwa sai ka tsara wa kowa aukuwar gajiya tun isowarsa, sannan ka soke ta idan an kira shi kafin lokacin, ga shi `heapq` ba ta da hanyar cire abu daga tsakiya. Sai dai a yi wa aukuwar alamar sokewa, a tsallake ta idan ta fito. Haka batun masu sauya layi idan sun hango na kusa ya fi gajarta. Malamin da ke son ɗalibai su yi ta wasa da irin waɗannan halaye na mutane, bugun agogo zai fi ba su sarari.

SimPy da sauran

SimPy laburaren Python ne da ke bari ka rubuta labarin mai sayayya a jere: ya zo, ya nemi kanta, ya jira, an sallame shi, ya tafi. Kantar `Resource` ce mai adadin kashiyoyin da ka ga dama, jira kuma `yield` ne. A ƙarƙashi jerin aukuwowi ne dai, irin na hanya ta biyu, amma ba ka ganinsa. Salon ya samo tushe daga Simula, harshen da Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka gina a Oslo ta ƙasar Norwe cikin shekarun 1960 domin irin wannan kwaikwayo. Daga Simula 67 ne tunanin `class` ya fito, har aka ba su lambar yabo ta Turing ta 2001. Wato malamin da ya sa ɗalibai su rubuta `class` na mai sayayya da na kashiya, ya mayar da su wurin da abin ya faro ne.

Manhajar SimPy ta fi sauran biyun gajarta da kyan karatu, kuma wanda aikinsa shi ne ya ba manajan kanti amsa, ita zan ce ya ɗauka. A ajin farko kuwa ban ga dalilinta ba. Layin da aka ce ɗalibi ya koya yana cikin `Resource`, wani ya riga ya rubuta. Abin da ya rage masa shi ne `yield`, wanda yawancin kwasa-kwasan farko ba su kai gare shi ba, sai ya kwafa ba tare da ya san abin da yake yi ba. Wurinta shi ne makon ƙarshe, malam ya nuna a allo cewa abin da suka sha wahala a kai ga shi cikin 'yan layuka.

Za a sami ɗalibin da zai ce kowace kashiya ta zama `thread`, wato reshen manhaja mai gudu tare da sauran a lokaci ɗaya, mai yin `sleep` na gaske. A hana shi. Gudu biyu ba za su ba da amsa ɗaya ba, kuma ya jawo wa kansa matsalolin da sai shekara ta biyu ko ta uku ake koyar da maganinsu.

Akwai kuma gajeriyar hanya da ta cancanci ambato, ko don malam ya riƙa duba aikin ɗalibai da ita. Idan kashiya ɗaya ce, jiran kowane mutum shi ne jiran wanda ke gabansa, a ƙara tsawon sallamar wancan, a cire tazarar da ke tsakanin zuwansu, idan abin ya gaza sifili a mayar da shi sifili. Dennis Lindley ya rubuta wannan a 1952. Layi huɗu ne a Python, babu agogo, babu jerin aukuwa, babu ma layi. Shi ya sa ba ta dace da aikin gida ba, amma a ba ta lambobin da aka ba manhajar ɗalibi, dole jiran kowane mutum ya fito iri ɗaya.

To wacce za a ɗauka?

Abin da zai raba gardama shi ne darasin da aka baro a makon da ya wuce. Idan ɗalibai sun tsaya a `for`, `if`, `list` da layi mai sauƙi, a ba su bugun agogo, amma bugun ya zama daƙiƙa, kuma a rubuta jerin matakan cikin bugu ƙarara. Idan an riga an koyar da layin fifiko, to hanyar aukuwa ce, kuma da wuya a sami aikin da ya fi ta nuna dalilin wanzuwarsa. Kwas mai zango biyu yana da damar da ta fi duka: bugun agogo a zangon farko, sannan a zango na biyu ɗalibi ya ɗauko manhajarsa ta da, ya sauya mata inji, ya bayyana dalilin duk bambancin da ya gani a lambobi. Abin da ba na so shi ne a ɗora hanyar aukuwa a kan wanda bai shirya ba don kawai ita ƙwararru ke amfani da ita. Sakamakon da aka saba gani shi ne malam ya rubuta injin da kansa, ya bar wa ɗalibai gurbi uku su cike, su ci maki ba su san yadda agogon ke motsi ba.

Kowacce aka ɗauka, tambayar da za a sa a gaba ita ke sa aikin ya yi armashi, kuma wadda ta fi ita ce ta layi ɗaya ko layi uku. Kashiya 3, mutum 36 a awa. Idan kowa ya faɗa layin da ƙuri'a ta ba shi ya tsaya a nan, kowace kanta ta koma misalinmu na farko, jira minti 16. Idan layi ɗaya ne, duk kashiyar da ta gama ta kira na gaba, lissafin Erlang ya ba da minti 4.3. Ma'aikatan ba su ƙaru ba, saurinsu bai ƙaru ba, abin da ya kau shi ne zaman wata kashiya babu aiki alhali ana jira a layin maƙwabciyarta. Mutanen gaske kuwa ba da ƙuri'a suke zaɓa ba, mafi gajarta suke bi. Amsar wannan tana tsakanin biyun, ta fi kusa da ta layi ɗaya, kuma babu gajeriyar ƙa'idar da za ta ba ka ita. A nan ɗalibi zai ga abin da ya sa ake kwaikwayo tun farko. Dukkan hanyoyin suna iya wannan gwaji, sai dai da yake yana bukatar maimaici mai yawa, hanyar aukuwa ta fi sauƙin jira.

Gwaji na biyu shi ne a riƙa ƙara masu zuwa a kanta ɗaya. A cikar kashi 80 jira minti 16 ne, a kashi 90 ya zama 36, a kashi 95 ya zama 76. Na uku, a mayar da sallama minti 4 cif ga kowa, jiran ya faɗo daga 16 zuwa 8 ba tare da matsakaicin ya motsa ba.

Wajen ba da maki, abubuwa uku za su tsare malam daga rigima. A wajabta `random.seed`, domin abin da ɗalibi ya gani a kwamfutarsa shi malam zai gani a tasa. A ja kunne cewa `expovariate` saurin zuwa take karɓa, wato 1/5, yayin da `exponential` ta NumPy matsakaicin tazara take karɓa, wato 5, domin wanda ya cakuɗa su zai ga kantinsa ya cika maƙil ko ya zama kufai. Sannan kada a yanke wa kowa hukunci da rana ɗaya. Mutum 144 sun yi kaɗan, wata ranar jiran zai fito ƙasa da 16 sosai, wata ranar ya zarce ta nesa, duk daga manhaja mai kyau. Ko an maimaita ranar sau da yawa, matsakaicin zai ɗan gaza 16, saboda kowace safiya kantin yana farawa babu kowa. Wanda ke son a gwada shi da 16 ɗin, sai ya yi gudu ɗaya mai tsawo na mutum dubu ɗari ko fiye, ya zubar da na farko-farkon, sannan ya kawo lambarsa.